Layin da Kafinta Bai Goge Ba

Kafinta ya sami wayar 'yarsa Auta a kan wata kujera da yake sa wa sabon soso. A nan ta manta da ita bayan ta kawo masa abincin rana. Ya ɗauka da niyyar ajiye mata, sai ta yi rawa a hannunsa, saƙo ya shigo. Ba ta sa mata lambar sirri ba, don tun rasuwar uwarta su biyu ne a gidan, kuma ba su saba ɓoye wa juna komai ba.

Saƙon ba shi da kalma ko ɗaya. Idanu biyu ne, da wuta, da wata fuska mai murmushin gefen baki. Ya ja sama da yatsa. Abin da 'yarsa ta aika kafin nan shi ma babu kalma: biri ya rufe ido da hannuwa, sai zuciya, sai makulli. Sunan namiji ne a saman.

Kafinta ya haura arba'in kafin ya zauna a aji. Yana karatu, amma da yatsa yake bi, leɓensa yana motsi. Ya sha wuya kafin haruffa su yarda da shi, yanzu kuma ga wani rubutu da ba a koya masa ba. Ya rufe shago, ya sa littafin awo a aljihu, ya nufi mahaɗar titi inda mai gyaran waya yake, wanda kowa ke kira Injiniya.

"Ta 'yar maƙwabcina ce," in ji Kafinta, yana miƙa wayar ta saman gilashin kanti. "Ubanta ne ya ce in tambayo masa."

Injiniya ya ɗaga tabaransa zuwa goshi, ya duba, ya yi dariya ta hanci.

"Baba, duk wayar da ake kawo mini da irin wannan fuskar, ta 'yar maƙwabci ce. Zauna."

"A tsaye ma ya isa. Me suke nufi?"

"Imoji ake ce musu. Ɗaya shi kaɗai ba komai ba ne, sai an haɗa. Ka ga idanu da wuta? Cewa yake, na gan ki yau, kin haɗu, kin ƙona ni."

"Birin fa?"

"Birin nata ne. Ina jin kunya, amma kada ka daina."

Kafinta ya fito da littafin awo, ya buɗe shafin da ya rubuta tsawo da faɗin wata kujera mai cin mutum uku, ya fara rubutawa a ƙasa. Ya zana idanu biyu kamar ƙwai, ya rubuta ma'anar a gefe, harafi bayan harafi. Injiniya ya jira shi.

"Zuciya da makulli, na ba ka, ka riƙe. Wata da waya, ki kira ni in gida ya yi shiru. Kowane biyu da irin nasu, ka gane, amma wannan kam ba sai an kira mai fassara ba."

"Wannan tulun zumar da mai murmushin fa?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Wannan, Baba, ka bar wa maƙwabcin naka."

"Faɗa mini."

Ya faɗa masa, a hankali, yana kallon titi. Kafinta ya rubuta shi ma.

Da ya koma gida ya tarar da yayarsa ta zo, wadda yara ke kira Gwaggo, tana zaune a tsakar gida tana fifita, Auta tana zuba mata shayi. Da zai yi hankali da ya jira ta tafi. Bai jira ba. Ya ajiye wayar a kan tabarma, ya buɗe littafin, ya karanta da murya ɗaya bayan ɗaya, yana bi da yatsa, yana tuntuɓe a kan rubutun kansa. Saboda a hankali yake karatu, abin ya yi tsawo fiye da yadda ya so.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Yanzu har biri ya shiga zance? Mu a zamaninmu ko tari mutum bai isa ya yi a ƙofar gida ba. Ke, ɗago ki dube ni. Makullin wane ɗaki kika bayar?"

Auta ba ta ɗago ba. Butar shayin tana hannunta, ta rasa inda za ta ajiye. Shekararta goma sha tara, tana shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, amma a lokacin sai ta koma kamar 'yar shekara bakwai.

"Ɗan ajinmu ne, Baba," ta ce. "Wallahi ko hannuna..."

"Ban tambaye ki ba. Wayar nan ba za ki sake ganinta ba sai ranar da na ga dama."

"To, Baba."

Washegari ya kulle wayar a akwatin kayan aiki, ƙarƙashin zarto.

Auta ba ta yi fushi irin wanda ake gani ba. Tana gaishe shi da safe, tana kawo abinci shago, tana ɗaukar kwano. Abin da ta daina shi ne zama. Da, takan hau kan firam ɗin kujerar da ba a gama ba, tana lilo da ƙafa, ta ba shi labarin malamar da ke barci a aji da majinyacin da ya ɓoye allura a filo, shi kuma yana buga ƙusa yana saurare, sai can ya ce "Af!" Wannan rabin sa'a ita ce hirarsa ta yini. Yanzu sai ta ajiye kwano ta ce, "Ga shi, Baba," ta juya. Ya ce a ransa za ta huce.

Akwai wata mata da yake sayen yadin kujera da soso a wurinta, layi uku daga shagonsa. Hajiya mai yadi ake ce mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, ita ta ci gaba da shagon, tana auna yadi da sanda tana yanka da wani ƙaton almakashi da ba ta ba kowa aro. In sabon kaya ya zo takan ɗauki hoto ta aika wa masu sayenta. Shekara shida Kafinta yana amsa mata da abu ɗaya, babban yatsa a tsaye. Rubutu yana ba shi kunya, don ya san yana cin haruffa. Saƙon murya kuwa ya fi ƙarfinsa, bakinsa ba ya buɗuwa a gaban waya, ga mai walda na kusa da shi da kunne kamar na zomo.

Kwana tara da ƙwace wayar, Hajiya ta aiko hoton wani yadi mai laushi, ruwan goro. Ta riƙe shi da hannu ɗaya a bakin ƙofa don haske ya same shi, hannun ya fito a hoton har wuyan hannu. Kafinta ya buɗe littafin awo don ya ga yadi nawa kujerar da ke gabansa za ta ci. Sai ga ƙwai biyun da ya zana, da rubutunsa a gefe.

Ya daɗe yana kallo. Ya nemo idanun a wayarsa, ya nemo wutar. Ya ce wa kansa ai yadin yake nufi. Ya san ƙarya yake. Ya aika, ya kife wayar a kan benci, ya ɗauki guduma ya buga ƙusa uku a inda ba a bukatarsu.

Wayar ta yi rawa. Biri ne, ya rufe ido.

Bai bukaci littafin ba. Kunnuwansa suka yi zafi har ya fita waje ya tsaya kamar mai duba hadari.

Haka aka yi mako uku. Abin da shekara shida bai iya faɗa ba, kuma da za a ba shi alƙalami da yini guda ba zai rubuto shi daidai ba, sai ga shi yana fita da taɓawa biyu, babu kuskuren harafi, babu mai ji. Ta aiko fure, ya mayar da zuciya. Ya aika makulli, ta yi shiru rabin yini, sannan ta aiko fuskar mai murmushin gefen baki. Ranar da ya aika zumar, sai da hannunsa ya yi gumi. In ya je shagonta kuma, babu abin da ya canja.

"Yadi nawa, Malam?"

"Shida da rabi."

"Shida da rabi," ta maimaita, idonta a kan sanda. "Kwanan nan kujerunka cin yadi suke yi. Ko dai ƙafarka ce ta saba da layin nan?"

"Aiki ne ya yi yawa, Hajiya."

"Allah ya ƙara yawansa."

Yana da tsari. Duk lokacin da suka gama, sai ya danna saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ya goge, kamar yadda yake share garin katako kafin ya rufe shago. Ba ya barin ko ɗaya. In ka buɗe hirarsa da Hajiya, hotunan yadi za ka gani da babban yatsa. Wani lokaci, yana cikin gogewa, idonsa yakan kai kan akwatin kayan aiki, sai ya kawar da kai. Yana ce wa kansa nasa daban ne, shi babba ne, ita ma babba ce, kuma niyyarsa mai kyau ce. Bai taɓa tambayar Auta tata niyyar ba.

Wata Laraba, da ta kawo abinci, ba ta juya nan take ba.

"Baba, ara mini wayarka. An canja mana ranar zuwa asibiti, kowa ya sani ban da ni. Zan tambayi shugabar ajinmu."

Tun da safe ya goge komai. Ya miƙa mata ba tare da ya ajiye almakashi ba, har yana jin daɗin ta roƙe shi wani abu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana rubutu da manyan yatsu biyu, da saurin da kullum yake ba shi mamaki. Amsa ta zo, ta ɗan saki fuska.

"Gobe ne. Bari in yi mata godiya."

Ta taɓa 'yar fuskar da ke gefen haruffa, tana neman hannuwa biyu na godiya. Sai yatsunta suka tsaya.

Kafinta ya san shirun 'yarsa iri-iri, wannan bai san shi ba. Ya ajiye almakashi, ya zagayo bayanta. A saman allon akwai layi ɗaya a ware. Idanu biyu. Wuta. Zuciya. Makulli. Fure. Zuma. Fuska mai murmushin gefen baki. Babban yatsan yana can ƙarshe, an tura shi gefe.

Ya sha ganin layin. Yana jin daɗinsa ma, don ya rage masa wahalar nema. Bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa abin da yake so kullum yake zuwa gaba ba.

"Wannan layin fa?" ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Waɗanda mai wayar ya fi aikawa ne, Baba. Ita ke jera su da kanta."

"Injiniya ne, ranar da..." Ya tsaya. Injiniya bai taɓa riƙe wayarsa ba, kuma mako huɗu ke nan. Ita ma ta iya lissafi.

Auta ba ta dube shi ba. Ta nemo hannuwan godiya can ƙasa, ta aika, ta miƙa masa wayar da hannu biyu kamar yadda aka koya mata miƙa wa babba abu. Ta ɗauki kwanon jiya ta fita. Da ta yi dariya, ko ta ce wani abu mai zafi, da ya sami inda zai dafa.

Bai ci abincin ba. Ya zauna a kan soso har ya lotsa. Can ya tashi ya nufi mahaɗar titi.

"Baba! Yau ma ta maƙwabci ce?"

"Tawa ce."

Injiniya ya karɓa, Kafinta ya nuna masa layin da yatsa. Injiniya ya duba layin, ya dubi furfurar da ke gemun Kafinta, ya cije leɓe yana kokawa da dariya, ta fi ƙarfinsa.

"Kai, Baba! Ashe ɗalibi na yi ban sani ba. Da tsohuwar zuma ake magani, wallahi. Har da makulli?"

"Ana goge shi?"

"Minti ɗaya. Ko kai ma za ka iya, ka yi ta aika wa wani yatsa da agogo da mota, za su ture waɗannan. Wa kake tsoron ya gani?"

Kafinta ya kawar da kai. Dariyar Injiniya ta ragu, ta ƙare.

"'Yar maƙwabcin ce?"

"Ita ce."

"Ta riga ta gani?"

Ya gyaɗa kai.

"To in goge?"

Kafinta ya miƙa hannu ya karɓi wayarsa. "Bar shi," ya ce.

Ya koma shago, ya ɗaga zarto, ya ciro wayar Auta. Garin katako ya shiga duk kusurwoyinta. Ya hure, ya goge da gefen riga, ya kulle shago rana tana tsaka. Mai walda ya ɗaga tabarau ya ce, "Lafiya, Kafinta?" Ya wuce abinsa.

Ya same ta a tsakar gida tana wanke farar rigarta ta asibiti. Ya tsaya a gefen bokitin, inuwarsa a kan ruwan. Ya yi ta shirya magana a hanya, duk ta zube. Ya ajiye wayar a kan kujerar tsuguno kusa da sabulu.

"Ga ta."

"Na gode, Baba." Ba ta daina cuɗa wuyan rigar ba.

"Laifi tudu ne," ya ce. Bai ƙarasa ba, ta san sauran.

Ta matse rigar, ta shanya, ta goge hannu a zane. Ta kai wayar ɗaki ta sa a caji, ta dawo. Shi yana nan a tsaye.

"Da ka kira ni ɗaki ka tambaye ni," ta ce, "da na gaya maka komai. Har sunan ubansa. Amma a gaban Gwaggo, Baba. Ka san Gwaggo. Ranar Asabar matar Yaya ta tambaye ni ko birina yana lafiya."

Wannan bai sani ba. Ya nemi wurin zama, ya zauna a bakin baranda, hularsa a gwiwa.

"Zan je in sami Gwaggon taki."

"Ka ce mata me? Ta tattaro maganar daga gidaje huɗu?"

Ruwa yana ɗiga daga rigar zuwa siminti. Daga ɗaki wayar ta farka, ta fara ƙara, saƙonnin wata guda suna shigowa a jere. Auta ta shiga, ta daɗe. Da ta fito fuskarta a wanke take.

"Ya rubuto?" in ji Kafinta. Shi kansa ya yi mamakin tambayar.

"Mako biyu yana rubutowa. Sannan ya daina. A aji ma kunya ta hana ni gaya masa abin da ya faru, ya ɗauka ni ce na guje shi."

"Ki gaya masa ni ne."

"Zan gani."

Ta zauna a ɗaya gefen barandar, ba kusa ba. Ta ɗan jima tana murza bakin zanenta.

"Hajiya mai yadi ce?"

Kafinta ya dubi hularsa. "Wa ya gaya miki?"

"Baba, akwai yadi ruwan goro a shagon nan da zai rufe kujerun unguwa. Ba wanda ya yi odarsa."

Ya juya hular a gwiwarsa.

"Aure kake nufi, ko dai..."

"Aure mana! Ke, ni sa'anki ne?"

"Ka gaya mata?"

"Na aika mata makulli."

"Makulli." Auta ta girgiza kai. "Matar da ta kai hamsin, mai shagon kanta. Ka gaya mata da baki, ko ka rubuta. In ba haka ba za ta ɗauka wasa kake, ta gaji ta daina."

Ya gane ba Hajiya kaɗai take nufi ba.

Can ya ciro wayarsa, ya miƙa mata. "Rubuta mini. Ni in na rubuta, dariya za ta yi."

"A'a. Kai za ka rubuta. In ka ci harafi zan nuna maka."

"Sai kin ga abin da zan ce ke nan."

"Eh," in ji Auta. "Kai ma ka ga nawa."

Ya buɗe hirar Hajiya, hotunan yadi da yatsa a tsaye. Ya sa tabarau. Yatsansa mai kanta ya fi haruffan faɗi, yana taɓa biyu a lokaci ɗaya. Ya rubuta sallama, ya goge, ya sake. Leɓensa yana motsi, kuma ya san tana iya karanta leɓen. Auta ta matso kaɗan, iyakar yadda za ta hango allon.

"Ka bar wasali a nan," ta ce, ta nuna da farce. "Ba haka ake rubuta 'magana' ba."

Ya gyara.

"Sai me?" ta ce.

"Ina son in zo in yi magana da... wa zan ce? Ubanta ya rasu."

"Yayanta. Tana da wa, mai kantin taya. Rubuta."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba, harafi bayan harafi, gumi yana bin bayan kunnensa. Da ya kai rabi ya ɗago.

"Shi yaron, ɗan gidan wa ne?"

"Ba yau ba, Baba," in ji Auta. "Ƙarasa naka tukuna."